Tsohon wasan tseren mota a sabuwar kwamfuta: inda yake maƙalewa da yadda ake warware shi

A shekarar 1998 kamfanin Papyrus ya fitar da Grand Prix Legends, wasan kwamfuta da ke kwaikwayon gasar Formula One ta kakar 1967, da motocinta marasa fukafukai da dogayen hanyoyinta irin su tsohuwar Nürburgring da Spa. Kamfanin ya rufe a 2004, amma har gobe akwai masu tuƙa wasan, kamar yadda ake tuƙa Grand Prix 4 na Geoff Crammond, da NASCAR Racing 2003 Season, da Richard Burns Rally na 2004, da GTR 2 na 2006. Lissafin da ke ƙarƙashinsu, na yadda taya ke kama kwalta da yadda nauyin mota ke zubewa gaba idan an taka birki, bai tsufa ba. Abin da ya tsufa shi ne duk abin da wasan ya jingina da shi: manhajar girkawa, makullin faifai, katin hoto, agogon firosesa, da hanyar da yake magana da sitiyari.

Mutane da yawa kan ɗauka an gama da zarar wasan ya buɗe, mota ta bayyana a allo. A wasan dara ko na gina birni hakan ya wadatar. A wasan tsere kuwa rabin aikin ke nan, kuma rabi mafi sauƙi. Wasan da ya buɗe amma agogonsa na gudu fiye da na gaske, ko sitiyarinsa na amsawa a makare, ya daina zama abin da masu shi suka gina, ko da hotonsa ya fi na da kyau. Saboda haka za mu bi matsalolin a jeren da suke zuwa, amma mu fi daɗewa a kan lokaci da sitiyari, domin a nan gizo ke saƙar.

Kafin komai, a rage dogaro da shafin Compatibility da ke cikin Properties na fayil ɗin wasan. Zaɓar Windows 98 ko XP a wurin ba ya dawo da tsohuwar Windows. Abin da yake yi shi ne ya faɗa wa wasan lambar sigar da yake son ji, ya kuma gyara wasu ƙananan halaye. Ba zai dawo da katin hoton da ya ɓace ba, ba zai farfaɗo da direban na'urar da aka kashe ba, wato ƙaramar manhajar da Windows ke sarrafa na'ura da ita. Wani lokacin ma shi ke kawo sabuwar cuta, kamar tsayawar sauti ko ɓacewar sitiyari. A fara gwadawa ba tare da shi ba.

Daga faifai zuwa folda

Cikas na farko yakan zo tun ba a girka wasan ba. Wasanni da yawa na ƙarshen shekarun 1990 su kansu na bit 32 ne, amma ƙaramar manhajar da ke fara girka su ta bit 16 ce, gadon zamanin Windows 3.1. Windows ta bit 64 ba ta gudanar da manhajar bit 16, kuma Windows 11 ba ta da sigar bit 32 ko kaɗan. Alamar ita ce ka danna setup.exe, ko dai babu abin da ya motsa, ko a ce maka manhajar ba za ta yi aiki a wannan kwamfuta ba. Mafita uku ce. Ko ka yi amfani da WineVDM, wadda ke gudanar da manhajojin bit 16 a Windows ta zamani. Ko ka samu manhajar girkawa da masu sha'awar wasan suka rubuta, wadda ke kwashe fayiloli daga faifanka na asali ta zuba su tare da facin da ake buƙata, wato gyare-gyaren da aka yi wa wasan daga baya, kamar yadda aka yi wa Grand Prix Legends. Ko ka girka a tsohuwar kwamfuta ka kwafo foldar gaba ɗaya. Idan hanya ta uku ka bi, kar ka manta da rajista, wato ma'ajiyar da Windows ke adana bayanan manhajoji. Wasan yakan ajiye wurin da aka girka shi da lambar faifai a can, kuma a Windows ta bit 64 bayanan manhajojin bit 32 suna zama ne a ƙarƙashin HKEY_LOCAL_MACHINE\SOFTWARE\WOW6432Node. Wanda ya zuba su a reshen da ba shi ba zai ga wasan na cewa ba a girka shi ba alhali ga shi a gabansa.

Wurin girkawa ma ba ƙaramin abu ba ne. Tsofaffin wasanni suna rubuta saitinsu, da saitin mota, da bidiyon maimaicin tsere a cikin foldarsu. Tun daga Windows Vista an hana manhaja rubutu cikin Program Files ba tare da izinin mai gudanarwa ba, sai Windows ta karkatar da rubutun a ɓoye zuwa AppData\Local\VirtualStore a foldar mai amfani. Sakamakon yana rikitarwa ƙwarai: ka gyara fayil ɗin saiti a foldar wasan, wasan ya ci gaba da karanta kwafin da ke VirtualStore, kai kuma kana ganin gyaranka bai yi aiki ba. Girka a wuri irin C:\Wasanni\GPL, gajeren suna, babu baƙaƙen haruffa na musamman, ya kawar da wannan baki ɗaya. Fayilolin da aka kwafo kai tsaye daga faifan CD kuma sukan zo da alamar karantawa kawai. A cire ta daga foldar duka.

Sai makullin faifai, wato kariyar da ke hana kwafar wasa, irin su SafeDisc da StarForce. SafeDisc yana dogara ne da direban na'ura mai suna secdrv.sys, wanda Windows 10 ba ta yarda da shi ba, kuma a watan Satumba na 2015 Microsoft ta fitar da sabuntawar KB3086255 da ta kashe shi a Vista da 7 da 8 saboda ramin tsaro. StarForce, wanda aka sa wa GT Legends da GTR na farko a faifansu, ya fi shi zurfi: yana shiga can cikin zuciyar Windows, kuma tsofaffin sigoginsa na iya hana sabuwar kwamfuta tashi lafiya. Kada a bari ya girku. Hanya mai tsabta ita ce sigar da aka sake sayarwa ta intanet ba tare da makullin ba, inda akwai ta. GT Legends da GTR 2 duk suna Steam, shagon sayar da wasanni ta intanet, sai dai GTR 2 na can ya rasa motocin Ferrari da Porsche saboda batun lasisi. Farfaɗo da secdrv.sys da ƙarfin tsiya yana nufin sassauta tsaron kwamfutar gaba ɗaya don wasa guda, kuma ɗauko fayil ɗin exe da aka fasa daga shafin da ba a sani ba hanya ce sananniya ta shigar ƙwayar cuta. Wasan da babu sigarsa mai tsabta gara a ware masa tsohuwar kwamfuta wadda ba ta hawa intanet.

Hoto

Lokacin da Grand Prix Legends ya fito, katunan hoto biyu ya sani: na 3dfx, masu yaren Glide (yare a nan shi ne tsarin umarnin da wasa ke magana da katin hoto da shi), da na Rendition. Yarukan Direct3D da OpenGL daga baya aka ƙara masa. Nvidia ta saye kadarorin 3dfx a ƙarshen 2000, kuma babu katin yau da ke jin Glide. DirectDraw da Direct3D na 5 zuwa 7 suna nan a Windows da suna, amma tun daga Windows 8 ba a iya kashe mai haɗa tagogin allo, kuma yanayin launi na bit 16 kwaikwayonsa ake yi. Abin da ke biyo baya shi ne baƙin allo, ko launukan da suka rikiɗe, ko hoto mai jan ƙafa a kwamfutar da ta ninka abin da wasan ke nema sau ɗari.

Maganin shi ne manhajar tafinta, wadda ke tsayawa tsakanin wasan da katin, ta karɓi tsohon yare ta mayar da shi sabo. Wadda ta fi faɗin aiki ita ce dgVoodoo2: tana mayar da Glide da DirectDraw da Direct3D har zuwa na 9 zuwa Direct3D 11 ko 12. Ba a girka ta, kwafar fayiloli ake yi zuwa inda fayil ɗin exe na wasan yake. Ga wasan DirectDraw ko Direct3D 7 zuwa ƙasa, DDraw.dll da D3DImm.dll ake ɗauka. Ga Direct3D 8, D3D8.dll; ga na 9, D3D9.dll, ga Glide kuwa Glide.dll da Glide2x.dll da Glide3x.dll. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗauko na foldar x64 saboda Windows ɗin ta bit 64 ce. Wasan ake dubawa, ba Windows ba, kuma wasan na bit 32 ne, don haka foldar x86. Daga nan a ajiye dgVoodooCpl.exe a wurin, a nuna masa foldar wasan. Tambarinsa da ke fitowa a kusurwar allo yana da amfani a gwajin farko, domin shi ne shaidar cewa wasan ta cikinsa yake bi. Bayan an tabbatar sai a kashe shi. Akwai nGlide ga Glide kaɗai, da DDrawCompat ga DirectDraw, da DXVK mai mayar da Direct3D zuwa Vulkan. Tafinta ɗaya ake sawa a lokaci guda. Idan biyu suka haɗu a folda ɗaya, babu mai iya gane wanne ke jawo faɗuwar. Shi Grand Prix Legends ma a fara da sababbin sassan zane na OpenGL da Direct3D da masoyansa suka rubuta, waɗanda ake zaɓa ta manhajar GEM+, kafin a nemi tafinta daga waje.

Akwai cuta guda da ta fi damun wasannin tsere: layukan gefen hanya, da inuwa, da allunan talla masu nisa suna ƙyalƙyali suna shiga juna. Dalilin shi ne ma'aunin zurfi na bit 16, wanda matakai 65,536 kawai yake da su don raba abin da ke kusa da abin da ke nesa. A doguwar miƙaƙƙiyar hanya matakan ba sa isa su bambanta fenti da kwaltar da ke ƙarƙashinsa. A dgVoodoo2 ana iya tilasta zurfin ya zama aƙalla bit 24, kuma sau da yawa hakan kan kwantar da shi. Haka nan a rage adadin ƙwaƙwalwar katin da ake nuna wa wasan, a bar shi a megabait 256 ko 512, ko 1024 idan an ɗora masa manyan ƙarin hotuna. Wasan da aka rubuta lokacin da katin megabait 16 ke tashe yana iya karanta gigabait 8 a matsayin sifili ko lamba mai ragi, ya ce katinka bai isa ba. A ɓangaren OpenGL irin wannan na faruwa da jerin sunayen ƙarin fasahohin da katin ke sanarwa: ya yi tsawon da ya wuce gurbin da wasan ya tanada, sai wasan ya faɗi nan take. Ana iya taƙaita jerin a saitin direban Nvidia, a Linux kuma da MESA_EXTENSION_MAX_YEAR.

Idan saƙon da ake gani na cewa an rasa d3dx9_ da wata lamba, a girka DirectX End-User Runtimes na Yunin 2010 daga Microsoft. DirectX 12 bai ƙunshi waɗannan fayiloli ba, kuma girka su ba ya taɓa shi.

Game da siffar allo, an zana waɗannan wasanni ne don allon 4:3. A allon 1920 da 1080, daidai shi ne 1440 da 1080 tare da baƙin shafi hagu da dama, sai fa idan wasan na da facin faffaɗan allo na gaske wanda ke ƙara abin da ake gani a gefe. Miƙe hoton ya cika allo yana baje motoci, yana kuma sauya yadda ido ke auna kwana, wanda ke nufin direba zai riƙa juyawa ba a inda ya dace ba. Idan kuma hoton ya fi allon girma ko ya karkata gefe, wannan aikin ƙara girman rubutu ne na Windows; a nan shafin Compatibility yana da amfani, a sa wasan ya kula da girman kansa.

Agogo

Wasan kwaikwayon tuƙi lissafi ne da ake maimaitawa a ƙayyadadden taki. Grand Prix Legends yana lissafa motar sau 288 a daƙiƙa, yana zana hoto ɗaya bayan kowane lissafi takwas, wato hotuna 36 a daƙiƙa. Wannan 36 ba gazawar kwamfutarka ba ce, haka aka gina shi, kuma ƙarfin katin hoto ba zai ƙara ta ba sai da facin hotuna 60 da masoyansa suka yi. A allo mai sabunta kansa sau 60 a daƙiƙa, 36 ba ta raba 60 daidai: wani hoton zai zauna zagaye biyu, wani zagaye ɗaya, sai bishiyoyin gefen hanya su riƙa tafiya da ɗingishi. Allon da aka saita a 72 ko 144 yana kawar da wannan, domin 36 sau biyu 72 ne, sau huɗu kuma 144. Mai allon 60 facin 60 ne ya dace da shi, amma duk waɗanda za su yi tsere tare ta intanet sai sun daidaita a kan siga ɗaya.

Wasannin Crammond wata hanya suka bi. Ana zaɓar adadin hotuna tun farko, wasan kuma yana nuna kason ƙarfin firosesa da yake ci. Muddin kason ya haura 100, wasan ba ya zubar da hotuna don ya cim ma lokaci, lokacin kansa ne ke raguwa, komai ya koma tafiyar hawainiya. A kwamfutar yau ana iya faɗawa wannan ba don rashin ƙarfi ba, sai don tsohon yaren hoto na bi ta wata doguwar hanya. Wanda ya kafa tarihin zagaye a wannan hali ya samu ƙarin lokacin tunani ne a kowace kwana ba tare da ya sani ba. GPxPatch ita ce manhajar da aka saba bi ta cikinta a kunna Grand Prix 3 da 4.

Sauran matsalolin agogo daga firosesa suke. Wasu wasannin sukan auna saurinsa sau ɗaya lokacin buɗewa, su riƙe wannan lamba har a rufe. A da hakan daidai ne, domin saurin ba ya canjawa. Firosesan yau yana sauka yana hawa gwargwadon aiki da zafi. Inda lissafin wasan ya dogara da abin da aka auna lokacin da firosesan ke hutawa, da an shiga hanya ya ɗaga sai wasan ya ruga. Shi ya sa ake sa tsarin wuta na Windows a mafi ƙarfi, a kuma jona kwamfutar tafi-da-gidanka da caja kafin a kunna. Akwai kuma iyakar lamba: gurbin bit 32 mai alamar ƙari da ragi ba ya ɗaukar abin da ya wuce 2,147,483,647. Wasan da ke ajiye saurin firosesa a irin wannan gurbi zai ga lambar ta kife ta koma ragi da zarar saurin ya haura gigahaz 2.1 da ɗoriya. Babu saitin da ke gyara wannan sai faci. Grand Prix Legends kansa ya buƙaci facin firosesa masu sauri, kuma manhajojin girkawa na yanzu suna haɗawa da shi.

Sai yawan kawuna, wato sassan firosesa da kowanne ke gudanar da nasa aikin. An rubuta waɗannan wasanni ne don firosesa mai kai ɗaya, kuma wasunsu na rikicewa idan Windows na yawo da su daga kai zuwa kai: tsayawa na ɗan lokaci, ko daskarewa a tsakiyar tsere. Tun daga ƙarni na 12 na Intel a 2021 ma kawunan sun kasu biyu, masu ƙarfi da masu tsimin wuta, kuma tsohon wasa na iya tsintar kansa a kan mai tsimi. Ana ɗaure wasan ta ƙaramin fayil ɗin bat mai layi ɗaya: start /affinity 2 gpl.exe. Lambar ba ƙidayar kawuna ba ce, taswira ce: 1 na nufin kai na farko, 2 na biyu, 4 na uku, 3 na farko da na biyu tare, F kuma huɗun farko. Amma kar a mayar da wannan al'ada. Tafinta da direban katin hoto suna da nasu ayyukan da za su matsu a kan kai ɗaya tare da wasan, don haka sai an ga alamar cutar ake ɗaurewa, kuma a fara da kawuna biyu.

Gwajin da ke yanke hukunci mai sauƙi ne. Ka kunna agogon waya daidai lokacin da motar ta tsallake layin farawa, ka tsayar idan ta dawo, ka yi zagaye uku ko huɗu a jere, ka kwatanta jimlar da ta wasan. Bambancin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba na yatsanka ne. Bambancin daƙiƙoƙi da yawa, ta kowane ɓangare, yana nufin agogon wasan ba daidai yake ba, kuma babu amfanin taɓa saitin mota ko na sitiyari kafin a gyara shi.

Jinkiri shi ne ɗan'uwan wannan matsala. Motar da ke gudun kilomita 250 a awa tana cin kimanin mita 69 a daƙiƙa, don haka jinkirin milisakan 50 tsakanin taka birki da ganin sakamakonsa ya kai mita uku da rabi. A hotuna 36, kowane hoto kusan milisakan 28 ne. Idan direban katin ya jera hotuna biyu a layi kafin ya nuna, an riga an wuce 50 ɗin. A rage layin zuwa hoto ɗaya a saitin katin, a gwada kashe V-Sync, mai sa hoto ya jira sabuntawar allo, kuma idan talabijin ake amfani da ita a sa ta a yanayin wasa. Wasannin da ba su da iyakar hotuna, irin su rFactor da GTR 2, na iya harbawa zuwa ɗaruruwa a katin yau, abin da ke ƙara zafi ba tare da wata riba ba. A sa musu iyaka daidai da allon ko kaɗan sama da shi.

Sitiyari da feda

Sitiyarin ƙarshen shekarun 1990 yana juyawa digiri 180 zuwa 270 ne daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Na yau 900 ne ko fiye. Tsohon wasa bai san wannan ba. Abin da ya sani shi ne ƙarshen hagu da ƙarshen dama, sai ya shimfiɗa iyakar juyawar tayoyin gaba a tsakaninsu. Lissafin a fili yake. Idan saitin motar ya ba taya digiri 15 kowane gefe, sitiyarinka kuma na juyawa 450 kowane gefe, rabon ya zama 30 bisa 1, wato sai ka nannaɗe hannu kafin mota ta sha ƙaramar kwana. Ka rage juyawar zuwa 540 a manhajar sitiyarin, ka ɗaga na taya zuwa 18, rabon ya koma 15 bisa 1, wanda ya yi kusa da na motocin tsere masu rufi. Ga motocin Formula ana sauka ƙasa da haka. Bayan wannan a kashe duk taimakon da aka yi domin madannai da ƙananan sitiyari: rage juyawa gwargwadon gudu a mayar da shi sifili, matacciyar tsakiya ita ma sifili, amsawa kuma ta zama miƙaƙƙiya. A rFactor da GTR 2 miƙaƙƙiyar tana kan kashi 50 ne, ba 100 ba, kuma wannan ya ruɗi mutane da yawa.

Martanin sitiyari, wato ƙarfin da yake mayarwa hannu, ta DirectInput yake bi, tsarin Windows na magana da na'urorin wasa, kuma ma'auninsa na tsayawa a 10,000 kowane ɓangare. Duk ƙarfin da wasan ya lissafa sama da wannan yankewa ake yi. Idan an cika ƙarfi a cikin wasan, kowace kwana za ta kai ƙololuwa, sitiyarin ya yi nauyi amma ya kurmance: ba za ka ji lokacin da tayoyin gaba suka fara sulɓewa ba, alhali wannan jin shi ne dalilin sayen sitiyarin. Daidai shi ne a rage a cikin wasan har sai manyan kwanoni kaɗai ke taɓa ƙololuwa, sannan a daidaita nauyi a manhajar sitiyarin. A Grand Prix Legends wannan na cikin fayil ɗin core.ini: allow_force_feedback ya zama 1, max_steering_torque kuma idan aka ɗaga lambarsa ƙarfin na raguwa, yankewar ma ta ragu. Layin force_feedback_latency an yi shi ne don wasan ya yi hasashen gaba ya rufe jinkirin tsofaffin sitiyari. Na yau ba su da wannan jinkiri, barin lambar a sama kuma na sa sitiyarin rawa hagu da dama a miƙaƙƙiyar hanya, don haka a sassauko da ita kusa da sifili.

Wata matsalar ita ce ƙarfi ya juye: maimakon sitiyarin ya nemi komawa tsakiya, sai ya fizgi hannu zuwa cikin kwana. A rFactor an saba sa ƙarfin a lamba mai ragi ga sitiyarin Logitech saboda wannan. A sitiyari irin G27 ko G29, masu ƙarfin da bai wuce nutan-mita 2 zuwa 3 ba, wannan abin haushi ne kawai. A sitiyarin da ke haɗe kai tsaye da babban injin lantarki, mai nutan-mita 8 ko 20, yana iya targaɗa wuyan hannu. Tsohon wasa bai san irin wannan ƙarfi ba, kuma idan aka daki bango yakan aika da ƙololuwa nan take. A fara gwaji da kashi 20 na ƙarfin, manyan yatsu a wajen da'irar sitiyarin.

Feda kuma, wasannin farko sun saba da totur da birki a layi ɗaya, ɗaya na ja sama ɗaya na ja ƙasa, ta yadda taka su tare na soke juna. Wanda ke son taka birki da ƙafar hagu yana riƙe da totur dole ya raba su. A duba joy.cpl, shafin gwada na'urorin wasa na Windows, a ga kowace feda na motsa nata layin, sannan a sake auna su a cikin wasan, ana taka kowace har ƙasa. Idan mota ta tashi da cikakken totur ba a taɓa komai ba, layin a juye yake, ko kuma wasan bai karɓi saƙon farko daga fedar ba sai an taka ta sau ɗaya. Inda sitiyari da feda da giya kowanne ke da tasa wayar USB, wasu tsofaffin wasanni na'urar farko kawai suke gani, wasu kuma ba sa ganin maɓallan da suka wuce 32. Har allon madannai ko linzami na zamani kan gabatar da kansa a matsayin na'urar wasa ya ƙwace gurbin farko. HidHide na ɓoye waɗanda ba a so, vJoy tare da Joystick Gremlin kuma na haɗe na'urori da yawa su zama ɗaya, sai dai gara a bar sitiyarin kansa a waje don kada martaninsa ya ɓace. A jona komai kafin a buɗe wasan, kuma kowace na'ura ta riƙe ramin USB ɗinta.

Sauran ƙananan abubuwa ba sa cin lokaci. Manhajar bit 32 gigabait 2 kawai take iya amfani da shi. Wasan da aka cika da ƙarin hanyoyi da motoci, yana faɗuwa lokacin loda tsere mai motoci da yawa, yakan warke idan aka kunna masa alamar Large Address Aware, wadda ke ba shi 4 a Windows ta bit 64. A ajiye kwafin exe na asali tukuna. Sautin kewaye na DirectSound3D da EAX ya mutu tun Vista, DSOAL na dawo da shi. Wasan da ke neman DirectPlay, tsohon tsarin haɗa 'yan wasa ta hanyar sadarwa, kuma ana kunna masa shi a Windows Features ƙarƙashin Legacy Components.

Wasannin DOS, tsarin da ya gabaci Windows 95, irin su IndyCar Racing II da Grand Prix 2, ba sa buƙatar ko ɗaya daga dabarun sama. DOSBox Staging ko DOSBox-X, manhajojin da ke kwaikwayon kwamfutar DOS, ake sa su ciki. Abin lura shi ne lambar cycles, wadda ke wakiltar saurin firosesan da ake kwaikwayo: a ɗaure ta a lamba tsayayyiya maimakon a bar ta tana hawa da sauka, domin ma'aunin sitiyarin wancan zamani da lokaci yake aiki, kuma idan saurin ya canja tsakiyar sitiyarin na gocewa. Ga wasan Windows 95 ko 98 da ya ƙi duk wani magani akwai 86Box, mai kwaikwayon tsohuwar kwamfuta sukutum har da katin Voodoo. Yana cin firosesa sosai, kuma idan kwaikwayon ya sauka ƙasa da kashi 100 an koma matsalar agogo.

A Linux lamarin yakan zo da sauƙin da ba a zata ba, domin Wine, mai gudanar da manhajojin Windows a Linux, ya riƙe tsofaffin halayen Windows da ita Windows ɗin ta watsar, har da girkawar bit 16 a yawancin tsare-tsare. A ware wa kowane wasa nasa WINEPREFIX, wato foldar da Wine ke ajiye saitinsa, kuma idan an sa tafinta a foldar wasan sai an gaya wa Wine ya fifita fayil ɗin wurin a kan nasa. Wahalar tana wajen martanin sitiyari: na Logitech sun fi samun tallafi, musamman da direban new-lg4ff, ana kuma saita digirin juyawa da Oversteer, sauran kamfanoni sai an duba samfurin ɗaya bayan ɗaya. A Mac kuwa hanyar ta ƙuntata tun da macOS Catalina ta daina gudanar da manhajojin bit 32 a 2019, sannan aka koma firosesan Apple a 2020. Hoto na iya fitowa ta CrossOver, mai gudanar da manhajojin Windows a Mac, amma martanin sitiyari ba abin dogaro ba ne a can.

Da zarar agogo ya yi daidai kuma sitiyari ya zauna, a kwafe foldar wasan gaba ɗaya zuwa wani wuri, tare da reshen rajistarsa da aka fitar a fayil ɗin reg, da ainihin sigar tafintan da ta yi aiki, da ɗan rubutu na digirin juyawa da kason ƙarfin da aka sa a manhajar sitiyari. Sabuntawar Windows ko ta direban katin hoto na iya sauya hali ba sanarwa, kuma bayan kowace babba a sake gwajin zagaye uku da agogon waya kafin a shiga tsere da wasu.